Man haidirolik ba baƙin mai ba ne: kira ga masu injuna da masu sayar da mai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni makanike ne, amma ba na ƙananan motoci ba. Sama da shekara talatin ke nan ina gyaran injunan da ke aiki da ƙarfin mai, wato injunan haidirolik: injin buga bulo, injin narka roba mai fitar da bokiti da buta, jak ɗin tifa, hannun katafila, da na'urar ɗaga garma ta tarakta. Shagona yana Sabon Garin Zariya, amma aiki kan kai ni Dakace da Chikaji, idan damina ta matso kuma har Giwa da Soba.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne kwanan baya a wani gidan bulo da ke kan hanyar Jos. Da sassafe maigidan ya kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ce, "Malam, famfon nan da ka ɗaura mana ko wata huɗu bai cika ba ya mutu. Jabu aka ba ka." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri in zo in gani." Da na isa ban ko taɓa famfon ba. Tanki na nufa. Murfinsa ya ɓata tun tuni, an cusa tsumma a bakin, ga kuma yara suna tankaɗe yashi da siminti taku biyar daga wurin. Na tsoma kara na zaro, sai ga wani abu mai launin kunun gyaɗa yana ƙaurin ƙuna. Na tambayi yaron da ke kula da injin da me yake ciko idan mai ya yi ƙasa. Ya nuna mini wata jarka ruwan ɗorawa da ba ko harafi ɗaya a jikinta, wadda aka sayo a bakin titi. Ya ƙara da cewa ranar da ta ƙare ya zuba ragowar baƙin man janareta. Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Ai Baba, mai duk mai ne."

Wannan magana ta yaron nan ita ta hana ni barci, don na san ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba. A bakin manya ya ji ta.

Ranka ya daɗe, a injin haidirolik mai ba abin shafawa ba ne kawai kamar yadda yake a injin mota. Shi ne ke ɗaukar ƙarfi daga famfo ya kai wa silinda. Tun ƙarni na 17 wani masani ɗan Faransa mai suna Paskal ya bayyana cewa idan aka matsa ruwa a rufaffen mazubi, matsin yakan isa ko'ina daidai wa daida. A shekarar 1795 wani Bature a Ingila, Josef Birama, ya yi rajistar injin matsa kaya da ke aiki a kan wannan ƙa'ida, kuma da ruwa zalla yake aiki. To me ya sa aka bar ruwa, wanda yake araha, aka koma mai? Saboda ruwa yana sa tsatsa, ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma yana zurarewa ta 'yar tazarar da ke tsakanin fistin da gidansa. Mai kuwa yana kai ƙarfi, yana shafe ƙarafa, yana toshe waccan tazara, yana kuma kwashe zafi ya kai tanki ya huce. Ka ga ashe shi ma ɓangare ne na injin, tamkar famfo ko bawul. Wanda ba zai yarda a sa masa kowane irin bawul ba, me zai sa ya yarda a zuba masa kowane irin mai?

Abu na farko da ya kamata mai saye ya duba shi ne kauri. A jikin duro ko jarkar kirki za ka ga an rubuta ISO VG, sai lamba ta biyo baya: 32, 46 ko 68, su ne muka fi cin karo da su a nan. Mutane da yawa sun ɗauka lambar inganci ce, wai 68 ya fi 46 kyau, kamar makin jarrabawa. Ba haka ba ne. Lambar tana nuna kaurin man ne idan zafinsa yana digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, da wani awo da ake kira sentistok, kuma an yarda ya ɗan haura ko ya gaza da kashi 10 cikin 100. Wato mai lamba 46 yana tsakanin 41.4 da 50.6, mai lamba 68 kuma tsakanin 61.2 da 74.8. Amma a digiri 40 kaɗai. Nan ne gizo ke saƙa, domin injin ba ya tsayawa a digiri 40.

Duk matar da ta taɓa barin man shanu ya kwana a hunturu ta san abin da nake nufi. Mai lamba 46 ɗin nan, idan ya kwana a tanki cikin watan Janairu sanyin asuba ya sauko da shi wajen digiri 15, kaurinsa kan kai kusan 180, ninki huɗu ke nan. Idan kuma a watan Afrilu ne, injin yana aiki tun safe a ƙarƙashin rumfar kwano har man ya kai digiri 60, sai ya tsinke ya dawo wajen 20. Ya kai digiri 80, ya zama kusan 11, saura kaɗan ya koma ruwa. Masu ƙera famfuna da yawa sun fi son kaurin ya tsaya tsakanin 16 da 36 lokacin da ake cikin aiki. Idan ya yi kauri da yawa, famfo ba ya iya zuƙo shi da sauri, sai ƙananan kumfa su riƙa tasowa suna fashewa a cikinsa da ƙarfi, suna ɓantarar ƙarfe kaɗan-kaɗan. Za ka ji famfon yana kuka kamar an zuba masa tsakuwa. Idan kuma ya tsinke da yawa, sai ya riƙa sulalewa ta baya a cikin famfo da bawul, injin ya yi sanyi, bulo ya fito bai matsu ba, ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. Abin takaicin shi ne wannan sulalewa ita kanta zafi take haifarwa, zafin ya ƙara tsinka man, man ya ƙara sulalewa. Daga nan sai maigida ya ce a ƙara ɗaure bawul ɗin furesha, wanda tamkar zuba wa wuta fetur ne.

Shi ya sa nake gaya wa direbobin katafila da masu injin bulo, da sanyin safiyar hunturu kada a tayar da inji a ɗora masa kaya nan take. A bar shi ya yi ta juyawa ba nauyi na ɗan lokaci, a motsa silinda a hankali sau da yawa har man ya sake. Ba ɓata dizal ba ne.

Akwai kuma wasu haruffa da ke zuwa tare da lambar. HM ko HLP, wasu kamfanoni su rubuta AW, suna nufin an sa wa man sinadarin hana ƙarfe cinyewa, wanda galibi yana ɗauke da zinki, tare da na hana tsatsa da na hana mai saurin lalacewa. HV ko HVLP kuma suna nufin duk wannan yana ciki, sannan an ƙara masa juriya ta yadda kaurinsa ba ya saurin canzawa tsakanin sanyi da zafi. A takardar bayanin mai ana nuna wannan juriya da haruffan VI: na yau da kullum yana wajen 100, na HV kuwa daga 140 zuwa sama. A ra'ayina, injin da ke kwana a waje yana wuni a rana, irin katafila da tifa, ya fi cancantar HV idan aljihu zai ɗauka. Injin roba da ke cikin ɗaki, mai na'urar sanyaya mai, HM ya ishe shi. Amma duk abin da zan faɗa, littafin wanda ya ƙera injin yana gaba da maganata. Matsalar ita ce yawancin injunanmu na hannu ne, sun iso ba littafi, wani ma rubutun jikinsa da Sinanci ne ko Jamusanci. A irin wannan hali ana duba lambar famfon a nemi bayaninsa, yanzu da waya ma ana samu.

Bari in yi adalci a kan baƙin mai, kada wani abokin sana'a ya ce tsohon nan bai san aikinsa ba. Gaskiya ne akwai manyan motocin aikin hanya da masu ƙera su suka amince a zuba musu wani siririn man inji mai lamba 10W a tankin haidirolik. Haka kuma taraktoci da yawa suna amfani da mai guda ɗaya na musamman da ke yi wa giya da birki da haidirolik aiki tare. Amma wannan daban, ɗauko baƙin mai mai lamba SAE 40 na janareta a juye a injin bulo daban. Kaurin SAE 40 ya ninka na lamba 46 wajen sau uku. Sannan an haɗa man inji ne don ya riƙe datti da ruwa a jikinsa ya yi ta yawo da su, shi kuwa man haidirolik na masana'anta an yi shi ne don ya saki ruwa ya kwanta a gindin tanki a zubar. Kunun gyaɗan da na gani a tankin Alhaji auren waɗannan biyu ne, ruwan sama kuma ya zama waliyyi. Man birki kuwa, wanda wasu ke kira haidirolik saboda sunan ya yi kama, wani irin sinadari ne daban. Ko kusa da tankin kada ya zo, robobin da ke tare mai ba sa jituwa da shi.

Game da launi, ganin kitse ake yi wa rogo. Na sha ganin mai saye ya ɗaga kwalba sama ya duba ta a hasken rana, ya ce wannan garau yake. Tsurar man da ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba shi ma garau yake, har ya fi kyan gani. Ubangidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, da yatsu biyu yake gwada mai, ya murza ya ce wannan 68 ne. Na yi shekaru ina kwaikwayonsa kafin in gane cewa yatsa yana iya bambance ruwa da zuma, amma ba ya iya gaya maka ko akwai zinki a ciki.

Yanzu ga babban abokin gabarmu a ƙasar Zazzau: ƙura. Tazarar da ke cikin famfo da bawul na zamani 'yan maikuron kaɗan ce, wani wurin ba ta kai biyar ba. Maikuron ɗaya shi ne milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Silin gashin kai yana wajen maikuron 70, idon mutum kuma ba ya ganin abin da ya gaza wajen 40. Ka ga ashe ƙurar da ke kashe famfo ba ta ganuwa sam. Hazon da ke lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, gari ne mai laushin gaske, kuma akwai ɓurɓushin yashi a ciki mai cin ƙarfe kamar magagari. Ta ina yake shiga? Tanki numfashi yake yi. Duk lokacin da sandar silinda ta fita, mai yakan ragu a tanki, iska ta shiga ta cike gurbin. Sandar ta koma, iskar ta fita. Injin bulo yana yin haka sau ɗaruruwa a wuni. Idan murfin tankin mai ɗauke da 'yar matatar iska ya ɓata aka toshe da tsumma, to kullum injin yana shaƙar siminti. Haka sandar silinda da robar bakinta ta tsufa, tana fita da danshin mai, ƙura ta manne, ta koma da ita ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu kanmu muna zuba datti da hannunmu. Mazurarin da aka zuba dizal da shi jiya, aka jefar a ƙasa, shi za a ɗauko yau. Bokitin awo yana rataye a buɗe. Har sabon mai daga duro, wanda kowa ke ɗauka tsarkakakke ne, sau da yawa bai kai tsabtar da famfo mai fistin ke buƙata ba, shi ya sa a manyan masana'antu ta cikin filta ake tura shi tanki. Na kuma ga inda filta ta toshe, maimakon a sayi sabuwa sai aka huda ta da ƙusa don mai ya wuce.

A nan dole in faɗi nawa laifin. Ranar da na ɗaura wa Alhaji wancan famfo ana gaggawa ne, akwai kwangilar bulo da ake jira. Ban wanke tankin ba, ban busa tiyo-tiyon ba, tsumman nan ma na gan shi da idona na ce zan dawo da murfi, ban dawo ba. Ɓurɓushin tsohon famfon da ya mutu yana nan kwance a ciki, shi ya fara cin sabon. Na faɗa wa Alhaji haka a gaban yaransa, na kuma yafe kuɗin aikina na biyu.

Damina ita ma da nata. Duro mai lita 208 da aka bari a tsaye a fili, ruwa yakan taru a kansa. Rana ta buga shi iskar ciki ta kumbura ta fita, dare ya yi ya huce ya zuƙo ruwan ta bakin murfi ko da a ɗaure yake. A kwantar da shi a inuwa, murafun biyu suna dama da hagu, mai ya rufe su ta ciki. Ruwa cokali ɗaya ko biyu a jarka mai lita 25 ya isa ya sa mai ya fara dishewa. Gwajinsa ba wuya: a ɗora faranti na ƙarfe a wuta ya yi zafi sosai, a ɗiga man. Idan ya yi tas-tas kamar an jefa ƙosai a mangyaɗa, akwai ruwa. Ko a zuba a farar kwalba a ajiye ya kwana a ga abin da zai kwanta. Kumfa a saman tanki kuwa yawanci alama ce famfo yana zuƙar iska ta wani sako-sakon haɗi, ko mai ya yi ƙasa.

Zafi kuma yana tsufar da mai. Ƙa'idar da ma'aikata ke riƙe da ita ita ce, da zarar an wuce digiri 60, duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar man da kusan rabi. Yakan yi duhu, ya yi tsami, ya bar wani danƙo kamar ƙaro a jikin bawul har ya riƙa maƙalewa. Sama da digiri 80 robobi kan fara bushewa suna tsagewa. Idan ka ɗora tafin hannu a jikin tanki ka kasa ƙirga biyar, to ka duba lagireton man, wataƙila ƙura da auduga sun toshe shi.

Wani abu kuma da ya shafi rai, ba dukiya ba. Manyan injunan nan suna aiki da matsin da ke kai 200 zuwa 350 a ma'aunin matsi da ake kira bar, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da 'yan kai. Idan tiyo ya yi 'yar huda kamar ta allura, man da ke fita yana iya ratsa fata ya shige cikin nama. Ciwon bakinsa ƙarami ne, kamar cizon cinnaka, shi ya sa ake raina shi, amma a ciki man yana kashe nama, kuma jinkirin 'yan sa'o'i kan jawo asarar yatsa ko hannu. Kada yaro ya shafa tiyo da hannu yana neman inda ke yoyo. A sa guntun kwali. Idan tsautsayi ya afka, a tafi asibiti nan take a gaya wa likita ƙarara cewa mai ne ya shiga da ƙarfin inji, aikin tiyata ne, ba na mai ɗori ko kemis ba. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin bodin tifa da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe ko gungume.

Roƙona ga 'yan'uwa masu sayar da mai a Sabon Gari da Tudun Wada da Kwangila: na san ba kowa ke iya sayen duro ko cikakkiyar jarka ba, dole a riƙa tsiyayawa ana sayarwa lita-lita. To a bar mai saye ya ga duron da aka ɗebo, a rubuta masa lamba da haruffan a jikin galan ɗinsa, a ware mazurari da ma'auni na haidirolik kaɗai. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ita ma ta riƙa leƙa kasuwar mai na injunan masana'antu kamar yadda ake maganar na motoci. Sannan ga mu a garin ilimi. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962 da tsangayarta ta injiniya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga cibiyar binciken sinadarai ta ƙasa a Basawa. Da ɗaya daga cikinsu za ta buɗe wata 'yar taga inda makanike zai kai mai a kwalba, ya biya kuɗi daidai ƙarfinsa, a auna masa kauri da ruwa da datti, da mun daina canza mai da ka, ko mu bar shi har sai ya kashe famfo. Kai kuma, ranka ya daɗe, a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 don mutane su karanta abin da ya shafe su da harshensu. Yaran da ke tsaye a kan injunan nan yawancinsu suna karanta Hausa sarai, Turancin jikin duro ne ke ba su wuya. Ko sau ɗaya a wata ka ware wa masu sana'ar hannu rabin shafi.

Injin Alhaji dai ya tashi. Mun zubar da kunun, muka wanke tanki da tiyo, muka sa sabuwar filta mai maikuron 10 da murfi mai matatar iska, aka matsar da wurin tankaɗe yashi bayan katanga. Na karɓi fenti na rubuta HM 68 da manyan baƙaƙe a jikin tankin, domin famfonsa mai haƙora ne kuma a rumfar kwano yake wuni. Yaron nan na ba shi sabon mazurari da leda da zai riƙa ɗaure shi a ciki, na ce idan mai ya yi ƙasa kuma babu irinsa a sito, ya kashe injin ya kira ni, ni zan yi wa Alhaji bayani. Mun yi da yaron zan koma ƙarshen Fabrairu, idan hazo ya ɗauke, mu yanka filtar tare ya ga abin da ta tare da idonsa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon makaniken haidirolik,
Sabon Gari, Zariya.